Ƙafar da Ba Ta Girma

Maiwalda mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko gidan mutane ya je gaisuwa ya ji ƙofa tana ƙara, sai ya miƙe ana tsakiyar hira ya ce a ba shi mai ya ɗiga mata. Matarsa takan ce da za a ɗaure masa hannuwa na yini guda, da zazzaɓi ne zai kwantar da shi. To, irin wannan mutumin ne ya shafe sati biyu yana kallon kafaɗar ƴarsa ta hagu tana sauka ƙasa duk takun da ta yi.

Zalɓe ake ce wa yarinyar, shekararta goma sha biyu. Tana da shekara biyar wani ciwo ya kama ƙafarta ta hagu, ya ƙi jin magani, har likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Kafin a yi mata ƙafar roba ta koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, a haka take wanke baki, a haka take faɗa da yayyenta, shi ya sa suka laƙaba mata sunan zalɓe, tsuntsun nan mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ta sha kuka da farko. Daga baya ta karɓe sunan, har shi take rubutawa a bayan littattafanta.

Ƙafar da take sawa yanzu an yi ta ne shekara ɗaya da rabi da suka wuce, kuma lokacin da aka yi ta daidai take. Sai dai a ƴan watannin nan ƙafar dama ta kama gudu. A zangon karatu ɗaya ta fi ƙarfin takalmi biyu. Uwarta, wadda take ɗinki a falon gidan, ta ce, "Wannan ƙafa taki ake zuba mata ne?" Da aka sayo na ukun sai na hagu ya riƙa lilo a ƙafar roba, dole uwar ta cusa masa ƙyallaye daga ragowar ɗinkinta. Uwar ta buga waya sashen ƙafar roba na asibiti, aka ce layi ya cika, su zo nan da sati uku.

Sati ukun nan su suka hana Maiwalda sakat. Shagonsa yana ƙarshen layinsu, ta gabansa Zalɓe take wucewa in an tashi daga makaranta. Da ya hango ta sai ya ɗage gilashin walda ya bi ta da ido har ta shige gida, kafaɗar nan tana sama tana ƙasa. Ran nan garin kallonta ya liƙa wa tagar wani mutum marfi a juye. Wata rana kuma ya dafa ƙarfen da bai huce ba.

"Zalɓe, ƙafar nan tana damunki ko?" ya tambaye ta suna shan shayi.

"Lafiyata ƙalau, Baba. Kai ne wutar walda ta karkata maka ido."

Yayyenta suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Uwar ta dube shi ta saman kofi, don ta san abin da ke kai-komo a ransa.

"Baban yara, don Allah kar ka taɓa ƙafar nan. Sati uku kamar gobe ne."

"Ni na ce zan taɓa?"

"Hannunka ne ya ce."

Akwai abin da ya sa Zalɓe take ɓoyewa, kuma kowa a gidan ya san shi, ko da ba a haɗa shi da maganar ƙafa ba. Ranar Asabar makarantarsu za ta yi ranar wasanni, za a buɗe da fareti, kuma ita ce za ta riƙe babbar ganga a sahun gaba. Malamar wasanni ta ƙi da farko, ta ce zagaye filin sau biyu da ganga a wuya ba ƙaramin aiki ba ne. Zalɓe ta zagaya shi sau huɗu a gabanta, sannan malamar ta sakar mata gangar. Tun farkon zango kullum sai ta tsaya atisaye bayan an tashi.

Ranar Alhamis da rana Maiwalda ya dawo gida ɗaukar wani tef ɗin awo da ya manta. Uwar ta fita kai wa wata mata ɗinki, yayyen ba su dawo ba. Zalɓe tana kwance a doguwar kujera da kayan makaranta a jikinta, barci ya kwashe ta, baki a buɗe. Ƙafar robar tana jingine da bango.

Ya ce a ransa dubawa kawai zai yi. Yana ɗaga ta takalmin ya zame, ƙyallaye suka zubo, sannan wasu ƴan kwalaye suka biyo baya. An yanka su daidai da dunduniya, an jera biyar, an naɗe da salatif. Ba aikin uwar ba ne wannan. Yankan almakashin yara ne. Ya juya ya dubi dungun ƙafarta. Babu safar da take sa masa, alamar ya cika kofin da yake shiga har safa ba ta da wuri. A ƙasan gwiwa fata ta saluɓe, wurin ya yi ja jawur, da ɗan ruwa-ruwa.

Ya ajiye ƙafar, ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya sake ɗauka. Ya zare tef ya auna ƙafar dama daga gwiwa zuwa dunduniya a hankali don kar ta farka, ya auna ta robar. Ta gaza da faɗin yatsu biyu. Tsakanin kofin da tafin akwai ɗan bututu, da noti ɗaya a ƙarƙashin kofin yana riƙe da shi.

"Aikin minti goma," ya faɗa a fili. In ya kwance notin ya sa bututu mai tsayi, ya ɗan buɗa bakin kofin, kafin ta farka ya dawo da ita. Ya naɗe ƙafar a tsohon buhu ya fita da sauri kamar wanda ya yi sata.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, ƙarafa sun cika shi har rufi: rodi, sarƙoƙi, ƙyauren da ba a zo karɓa ba, ƙafafun gadon wani da ya fasa aure. Ya share teburin aiki da hannun riga ya kwantar da ƙafar. Ya sa sifana. Notin ya ƙi motsi, tsatsa da ƙasa sun cinye shi. Ya ɗiga mai, ya jira, ya sake gwadawa. Sifanar ta zame ta goge masa fatar yatsa. Ya dubi agogo. Minti goman sun zama arba'in.

Duk notin da ya yi masa taurin kai a duniya, abu ɗaya yake yi masa. Hannunsa ya kai kan wutar gas kafin tunaninsa ya iso. Ɗan ɗumi kawai, ya ce, daga nesa.

Notin kuwa ya saki. Amma warin ne ya fara iso masa, warin robar da ta ji wuta. Gindin kofin ya yi laushi, ya fara malalewa gefe kamar kyandir. Ya jefar da wutar ya kwara ruwa, robar ta yi ƙara ta sandare a karkace. Ya sake kunna wutar don ya miƙar da ita, gefen da ke lafiya shi ma ya lotsa.

Mai faci, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo yana toshe hanci.

"Maiwalda, ƙafar wa kake gasawa?"

Da mai facin ya ga fuskar Maiwalda sai ya daina dariya. Ya matso ya duba, ya riƙe haɓa. "Kai! Ta Zalɓe ce? Subhanallahi. Ba jibi ne faretin nasu ba? Ƴata ma tana ciki."

Maiwalda ya koma kan ƙafar. Ya gwada guduma ta katako, ya gwada ruwan zafi, ya gwada cusa kwalba a ciki don kofin ya koma siffarsa. Har rana ta yi sanyi yana abu ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Sai da ya rasa abin gwadawa sannan ya mayar da ƙafar cikin buhu ya nufi gida.

Tun daga waje ya ji tsallenta, dif, dif, tana zagaye ɗakuna. "Mama, wallahi nan na ajiye ta. In Yaya ne ya ɓoye min, yau sai ya gane kurensa." Yana shiga uwar ta dubi buhun, ta dubi fuskarsa, ta cire ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Baban yara. Me na ce maka?"

Ya buɗe buhun. Zalɓe ta karɓi ƙafar ta jujjuya ta. Ta zauna ta gwada sa dungun, bai shiga ko rabi ba. Ta sake gwadawa tana cije leɓe, har uwar ta riƙe mata hannu. Ya so a ce ta yi ihu, ko ta jefe shi da ƙafar. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗago ta ce, "Jibi ne fa, Baba." Sannan ta yi tsalle ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Washegari da sassafe suka hau bas zuwa asibiti, shi da ita. An zaƙulo tsofaffin sandunanta na dogarawa daga bayan akwati, su ma sun yi mata gajere, sai ta ranƙwafa. A bas ta zauna gefen taga ta ba shi ƙeya. Shi kuwa ya rungume buhun, yana tsara abin da zai faɗa yana warwarewa.

Sashen ƙafar roba yana can bayan asibitin. Benci biyu ne a baranda, duk sun cika. Maiwalda ya kasa zama. Ya je ya karanta takardun bango, ya dawo, ya tambayi mai kiran suna sau uku, har mutumin ya ce masa, "Malam, kai ne mara lafiyar?" Sai wajen azahar aka ce su shiga.

Ɗakin ya fi kama da shago fiye da asibiti. Farin garin siminti na ɗori ya rufe ko'ina, ga tanda a kusurwa, ga injin goge roba. A kan kanta an jera tafukan ƙafa, daga ƙanana kamar na jarirai har zuwa manya. Matar da ke kula da wurin gajeriya ce mai tabarau, hannuwanta fari fat har gwiwar hannu. Ita ta yi wa Zalɓe duk ƙafafun da ta taɓa sawa, shi ya sa yarinyar take ce mata Anti Mai Ƙafa.

Anti ta zaro ƙafar daga buhu ta ɗaga ta sama.

"Gobara aka yi a gidanku?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Maiwalda. Duk abin da ya tsara a bas ya gudu. "Na ga ta yi mata gajere. Noti ne ya ƙi, na ɗan sa masa wuta. Amma in akwai yadda za a yi kafin gobe, ni ma'aikaci ne, ki sa ni duk abin da kika ga dama. Ko shara ce."

"Ka ɗan sa masa wuta," ta maimaita. Ta ajiye ƙafar ta durƙusa gaban Zalɓe, ta duba dungun, ta danna gefen ciwon. Yarinyar ta ja numfashi ta haƙora. "Tun yaushe?"

"Kwana biyu."

"Ƴar nan, tun kina shan yatsa na san ki. Tun yaushe?"

"Wata biyu," in ji Zalɓe, murya ƙasa-ƙasa.

Anti ta sa ta cire takalmin dama, ta ɗora tafin a kan allon awo, ta buɗe katinta ta gwada da awon baya. "Lamba uku kika ƙara. Ba mamaki." Ta juya wajen uban. "Haka yara suke a wannan shekarun. Tafin ƙafa ne ke fara zuwa, sai tsayi ya biyo shi. Ka ga yarinya da ƙatuwar ƙafa kamar ta aro, kafin ka ankara ta miƙe ta cika ta. Yanzu tana kan ganiyar abin, sai nan da shekara biyu ko uku zai lafa. Ita wannan ta Allah ko barci take tana girma, har dungun ma girma yake. Tawa kuwa ba ta girma sai an kawo min ita. An kawo min, na ce, ba an kai ta shago ba."

Maiwalda ya sunkuyar da kai. "To gobe fa?"

"Babu gobe. Ba na ɗaukar awo a kan ciwo. Sai ya warke, sati guda ko fiye, sannan in zuba siminti in fitar da siffa, sannan in yi kofi. Kuma ko da ba ka ƙona ta ba, da na ga wannan ciwon ba zan bar ta ta zagaya fili ba."

Ya ji wani ɗan sauƙi ya taso masa, amma bai daɗe ba.

"Da ai ba ki gani ba," in ji Zalɓe. "Da na yi faretina, sannan kowa ya gani."

Anti ta miƙe. Ta ɗauko magani ta fara wanke ciwon.

Ranar Asabar makarantar ta cika unguwa da ƙara, don bayan layinsu kawai take. Da safe Maiwalda ya ce zai goya ta su je ko kallo ne. Ta ce a'a. Ya ce zai roƙi malamar a ajiye mata kujera a gefen fili ta buga daga zaune. Ta ce ita ba ta yi wata uku tana atisaye don ta zauna ba. Yayyenta suka tafi, uwar ma ta bi su don ta yi wa malamar bayani.

Ya je ya buɗe shago, ya ɗauki ƙarfe, ya ajiye, ya rufe shagon ya dawo. Ya sake fita har bakin layi, ya ji an fara busa, ya juyo. Ya same ta a falo, ta juya wa taga baya. Gangar tana shigowa ta bango, dum, dum, dum. Yatsunta suna bugun hannun kujera, da alama ba ta ma san suna yi ba.

"Ta cika sauri," ta faɗa, tana nufin yarinyar da aka ba gangar, ba shi take wa magana ba. "Za ta rikita musu taku a kwana."

Ya zauna a ƙasa, a bakin ƙofa, inda bai taɓa zama ba a gidansa.

"Zalɓe, na yi laifi. Ki yafe min."

Can ta ce, "Me ya sa ba ka tashe ni ka tambaye ni ba?"

"Da kin hana."

"To ai shi ya sa ake tambaya." Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. "Ƙafata ce fa, Baba. Ba ƙyauren kowa ba ne."

"Na ga ciwon ne, na kasa..." Ya dubi hannuwansa, da tabon sifana a yatsa. "Ke ma da kin faɗa min. Wata biyu kina tafiya a kan ciwo, ina kallonki ta ƙofar shago."

"Da na faɗa da kun cire ni."

"Da mun cire ki," ya yarda.

Ta share ido da bayan hannu. Suka zauna haka har gangar ta yi shiru aka fara tafi. Shi ne zama mafi tsawo da Maiwalda ya taɓa yi ba tare da ya gyara komai ba.

Ciwon ya ɗauki kwana tara kafin ya rufe. Aka ɗauki awo, aka ce su dawo bayan kwana biyar. Duk tsawon lokacin da sanduna take zuwa makaranta, sababbi da asibiti ya ba ta aro, kuma ta canja hanya, ta daina bi ta gaban shagon. A gida takan gaishe shi, ta amsa in ya yi tambaya, amma tsokanar nan ta wajen shayi ta ɗauke. Rashinta ya fi damunsa fiye da faɗan uwar, wanda aka yi kwana uku ana yi.

Ranar da suka koma, sabon kofi yana kan tebur, da sabon tafi daidai da na dama. Saura a yanke bututu a kan tsayinta. Anti ta tsayar da ita, ta dafa ƙugunta da hannu biyu, ta sa ƴan katakai a ƙarƙashi tana ƙarawa tana ragewa har ƙugun ya daidaita. Ta ja layi a jikin bututun, sannan ta miƙa wa Maiwalda zarto.

"Tunda hannunka ba ya zama, ga shi. A kan layin. Kuma babu wuta."

Ya dubi Zalɓe. "In yanka?"

Ta kalle shi. "Yanka."

Mutumin da ya shekara ashirin yana yanka ƙarfe, sai ga shi yana jan zarto a hankali kamar ɗan koyo, yana tsayawa yana hure gari yana duba layi. Anti ta karɓa ta shafa bakin da yatsa, ba ta sami aibu ba, ta ɗaura. Zalɓe ta shiga tsakanin ƙarafan riƙo biyu ta taka zuwa ƙarshe, ta juyo, ta sake zuwa, na ukun ba ta riƙe komai ba. Anti ta rubuta a kati su riƙa zuwa duk wata uku, ko da ciwo ko babu, ta sa yarinyar ta maimaita da bakinta.

Da suka sauka daga bas Zalɓe ta ce ita da ƙafa za ta ƙarasa, ta doguwar hanya, ta wajen masu sayar da littattafai. Ya bi ta a baya yana riƙe da jakarta, idonsa a kan dugaduganta, har ya kusa karo da mai tura baro.

"Baba, ka daina kallon ƙafata, ka kalli gabanka."

Ya ƙara sauri ya jera da ita. Sai yanzu ya lura kanta ya kusa kafaɗarsa.

"Kin huce?" ya tambaya.

"Na kusa," ta ce. "Ban gama ba tukuna."

"To. Ba na gaggawa."

Ta dube shi ta gefen ido, dariya tana neman ƙwace mata. "Kai ne ba ka gaggawa?"

Suka tsaya a bakin titi suna jiran motoci su rage, sannan suka tsallaka tare.